Jawabi Ga Jama'ar Sabo Kan Ambaliyar Badun



Dattawan Badun ba su manta da ranar 31 ga Agusta 1980 ba, sa'ad da kogin Ogunpa ya cika ya batse, ya ci gidaje da rayuka. Ruwa ya sake yin irin wannan ɓarna ranar 26 ga Agusta 2011, ga kuma ɗumamar duniya tana ƙara wa ruwan sama ƙarfi.

Gwamnati ta ɗaure gaɓar kogin da siminti, abin yabo ne. Amma siminti ba ya kwashe shara. Wajibi ne ƙananan hukumomi su yashe kwalbatoci tun kafin damina ta faɗi, su hana gini a bakin kogi, ko da na babban mutum ne, domin ɗan haya ruwan ke fara ci.