Dokar Gwamnati: Daga Baibul Ta Fito, Ko Daga Ofishin Gwamna?

 Lokaci ƙanƙane aka ba ni, don haka zan tafi kai tsaye.

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutanenmu har ta zama kamar karatun allo, wai dokar da kotun majistare ke aiki da ita dokar coci ce, daga Baibul aka tsamo ta. Na ji ta a wa'azin kasuwa, na ji ta a bakin abokan aikina masu digiri. Wasu fastoci ma haka suke faɗa, sai dai su da alfahari, cewa Dokoki Goma na Annabi Musa su ne tushen dokar zamani. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kuskure guda, kuma manomin Ɗambatta da Bichi da Makoɗa ne ke biyan kuɗinsa.

Dokoki Goman suna cikin Littafin Fitowa, sura ta 20. A cikinsu, kisa da sata da shaidar zur ne kawai kowace dokar gwamnati ta mai da laifi, kuma waɗannan ukun dokar Hammurabi ta Babila ta hukunta su tun kafin zamanin Annabi Musa, Maguzawanmu ma ba su taɓa halatta su ba. Bautar gunki, saɓa wa iyaye, ƙyashin kayan maƙwabci, ba wanda ɗan sanda zai kama a kansu. Wannan ya wadatar.

Mu almajirai ne, mun san ba a karɓar magana sai da isnadi. To ga isnadin Final Kod, kundin laifuffukan da Arewa ta yi aiki da shi tun jajibirin 'yancin kai. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, saboda a dokar Turawa tunzurawa tana sassauta laifin kisa, a fiƙihun Malikiyya kuwa ba haka ba ne. Daga nan rikici ya ɓarke tsakanin kotunan alƙalai da na Turawa, aka yi shekara goma ana gyara doka ana warwarewa. Da mulkin kai ya matso, ga ƙorafin ƙananan ƙabilu gaban kwamitin Willink, sai gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a a 1958. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. A ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Su suka ba da shawarar a ɗauko kundin Sudan. Majalisar Arewa da ke Kaduna ta zartar a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960.

Sudan kuma daga ina ta samo? Kundinta na 1899 kwafin kundin Indiya ne na 1860, wanda Thomas Macaulay ya tsara daftarinsa a 1837. Daftarin Macaulay tunanin Jeremy Bentham ya bi, shi kuwa Bentham ba ruwansa da wahayi a harkar doka, ma'auninsa amfani da cutarwa kawai. Abin da Kamfanin Gabashin Indiya, mai mulkin ƙasar a lokacin, ke so shi ne littafi guda wanda matashin jami'i Bature zai riƙe ya yanke wa Hindu da Musulmi hukunci ba tare da ya nemi malami ko limamin kowa ba. Ku lura da wannan sosai: Macaulay bai ma sa zina cikin laifuffuka a daftarinsa ba, alhali tana cikin Dokoki Goma ɓaro-ɓaro. Waɗanda suka zo bayansa ne suka ƙara ta a sashe na 497, wanda Kotun Ƙolin Indiya ta soke a 2018. Kiriminal Kod na Kudu, wanda aka kwafo daga Queensland ta Ostireliya, har yau bai ɗauki zina laifi ba, kuma a can ne Kiristoci suka fi yawa. A namu na Arewa ne ake samun ta, sashe na 387 da 388, tare da sashe na 403 da ya hana Musulmi shan giya, da bulalar haddi. Wa ya sa su? Sarakuna da malaman Arewa ne suka tsaya kai da fata. Ke nan ɗan addinin da ke cikin Final Kod namu ne, daga littattafan fiƙihunmu Risala da Muhtasar ya zo.

Za a ce mini ina hutun Lahadi, ina dokar auren rajista mai hana ƙara mace? Gaskiya ne, waɗannan sawun Kiristanci ne, alƙalin Ingila ma ya faɗa da bakinsa a shari'ar Hyde ta 1866. Amma wa aka tilasta wa auren rajista a Kunci? Kuma a 1917 kotun ƙolin Ingila da kanta, a shari'ar Bowman, ta yi watsi da tsohuwar maganar cewa Kiristanci ɓangare ne na dokar ƙasar. Ba zan ɓata lokacinku a nan ba.

Abin da ya kawo ni shi ne gona. A wannan yanki namu na Kano ta Arewa babu saura, babu daji. Gona tana manne da gona, tsirin gamba ne iyaka, kowane gawo da kowace ɗorawa da mai ita. Mutum ya gaji kadada guda ko ƙasa da haka, kakansa ya yi mata jigilar taki a mangala, ubansa ya yi, shi ma yana yi. Rana ɗaya sai ga ma'aikatan safiyo sun kafa turakun siminti. Ranar biyan diyya za a zo da takarda a ƙirga mangwaro nawa, kuka nawa, ginin ƙasa ɗaki nawa, gero na tsaye ko an girbe. Ƙasar kanta, wadda aka shekara ɗari ana ciyar da ita, ba ta da ko sisi a lissafin. Na ga dattijo ya dangwala yatsa a kan irin wannan takarda hannunsa na rawa, kuɗin da aka ba shi ba zai sayi rabin fuloti ba a gonar tasa.

Wace doka ce ta yi masa haka? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta mulkin soja. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon ƙwacewa don amfanin jama'a, sashe na 29 ya taƙaita diyya ga abin da aka ɗora a kan ƙasar. Ita ma tana da isnadi: dokar filaye ta Arewa ta 1962, daga shelar 1910, daga kwamitin filaye da ya zauna a Landan a 1908 zamanin Gwamna Girouard, shi da jami'insa Charles Temple suna ɗauke da ra'ayin masanin tattalin arzikin Amurka Henry George cewa ƙasa ba ta zama mallakar mutum. Yanzu ku buɗe Baibul ɗin da ake jingina wa dokar. Littafin Firistoci sura ta 25 ya ce duk shekara hamsin gonar gado ta koma ga masu ita. A Littafin Sarakuna na Ɗaya sura ta 21, Sarki Ahab ya nemi gonar inabin Nabot, Nabot ya ce gadon kakanninsa ne ba zai sayar ba, da aka kashe shi aka karɓe, annabi ya zo ya la'anci sarkin. Da dokar ƙasarmu daga can ta fito, da gwamna bai sami wannan iko ba. Daga fiƙihunmu ma ba ta fito ba, wanda ya karanta Ta'alimur Radi na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya san raya ƙasa yana ba mutum haƙƙi a kanta.

Mun yi gangamin Shari'a a Kano a 2000, mun sami kundin laifuffuka na Musulunci, alhamdu lillahi. Amma ko harafi ɗaya bai canza ba a dokar ƙasa, domin muna can muna faɗa da coci, sojoji kuwa sun riga sun ɗaure dokar a jikin tsarin mulki, tana nan a sashe na 315. Alƙalin kotun Shari'a zai raba gadon gona da kyau, na miji biyu na mace ɗaya, gobe takarda guda daga Ma'aikatar Ƙasa ta shafe rabon.

Abin da nake kira gare shi ba sabo ba ne, na daɗe ina faɗa. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Kano ta Arewa su nemi a cire wannan doka daga tsarin mulki, a gyara sashe na 29 yadda za a biya kuɗin ƙasa a farashin kasuwa, ko a ba manomi wata gonar kafin a taɓa tasa. Su nemi goyon bayan 'yan majalisar Filato da Binuwai, domin manomi Kirista a can sashen nan ɗaya ne ke cin sa. Majalisar jiha ba sai ta jira Abuja ba, tana iya wajabta cewa kada a kafa turke a gonar kowa sai an karanta masa sanarwa da Hausa gaban dagaci da limami. Tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu kuma su mai da tarihin waɗannan kundaye darasin dole a shekarar farko, da sunaye da shekaru, kafin ɗalibi ya fara haddar sassa.