Yaro Mai Sanyin Hali da Cin Zali a Makaranta

Cin zali tsakanin ɗalibai ba kowane yaro yake sama daidai ba. Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai sanyin hali, mai saurin hawaye, wanda zane ko karatu suka fi masa ƙwallo. A makarantar kwana shi siniyoyi ke fara ganowa. Shi zai ɗebo musu ruwan wanka kafin asuba, garinsa da sukarinsa kuwa ba sa kwana biyu a akwati. In ya yi kuka a kira shi ɗan daudu, in ya kai ƙara gida uba ya ce ai namiji ba ya kuka.

Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na ɗaliban duniya an ci zalinsu aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48, wato kusan rabin aji. Abin da shugabannin makarantu ba sa son a karanto musu yana gaba: wanda ake yawan ci wa zali ya ninka sauran kusan sau uku wajen jin shi bare ne a makarantarsa, kuma ya ninka su fiye da sau biyu wajen fashin zuwa aji. Rahoton ya kuma sa yaran da ake ganin halinsu bai dace da jinsinsu ba cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗari. Sau da yawa wanda rajista ta rubuta da lalaci, tsoro ne ya hana shi fitowa.

Masu cewa horo ne, su ma haka suka taso, ba su taɓa ƙirga waɗanda suka bar karatu a hanya ba.

Suleja ta san cewa abin da ake kira aikin maza yana sauyawa. Ginin tukwane a ƙasar Gwari sana'ar mata ce, amma da Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da shi a nan garin, a farkon shekarun 1950, maza ne suka fara zama, sai a 1954 mace ta farko, Ladi Kwali, ta shigo. Yaro mai taushin hannu irin wannan wuri yake nema, inda za a yaba abin da ya iya: ƙungiyar wasan kwaikwayo, muhawara, ko musabaƙar Alƙur'ani. Nan yake samun abokai na farko.

Dokar Kare Haƙƙin Yara tana nan tun 2003, aiki da ita ya rage. A karɓe bulala daga hannun firifet. Malami ya riƙa kwana kusa da ɗakin ɗalibai. Mai sauraron koke kada ya zama shi ne malamin ladabtarwa, domin yaron da ke tsoron siniya ba zai tunkari mai riƙe da dorina ba.