Mayafi da Sarƙar Babur: Jawabi ga 'Yan'uwa Masu Koyon Hawa



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan hawan babur, ganin yadda 'yan'uwanmu da dama suka fara sayensa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi, albashi kuwa bai kamo su ba. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke hawa mota biyu kafin ta isa wurin aiki, in ta yi lissafi, sai ta ga roba-roba ta fi mata sauƙi. Wadda ta taɓa zuwa Maraɗi ko Yamai kuwa ta san mace a kan babur ba abin kallo ba ce a can.

To, ga inda gizo ke saƙar. Galibin masu koya mana maza ne, ko maigida, ko ƙane, ko ɗan acaɓan unguwa. Za su nuna miki giya da totur da birki, amma babu wanda ya taɓa tuƙi da hijabi har ƙasa a cikinsu, don haka abin da ya fi kusa da kayar da ke ba ya faɗo musu a rai. Ƙafar baya tana juyawa tamkar injin niƙa. In iska ta kaɗa bakin mayafi ko gefen zani ya shiga tsakanin sarƙa da wayoyin taya, nan take za ta naɗe shi. Ɗayan bakin mayafin kuma a wuyanki yake. Ba a samun damar taka birki, sai dai mutum ya ji an fizge shi ta baya.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Indiya, ƙasar kamfanonin Bajaj da TVS, doka ce ta wajabta sa kariya a gefen ƙafar baya saboda sarin da matansu ke ɗaurawa. Mu ma ya kamata mu ɗauki abin da muhimmanci haka. Ki duba murfin sarƙa yana nan, domin bakanike kan cire shi wajen gyara ya ƙi mayarwa, ya ce ba shi da amfani. Ki ce ya mayar a gabanki. In babur ɗin ba shi da raga a gefe, mai walda zai yi miki. Sutura kuwa babu mai cewa ki rage ta: ki sa wando a ciki, ki tattara hijabin ki zauna a kansa, ko ki tanadi wanda ya tsaya a gwiwa don hanya, ki ɗora babban in kin sauka. Wandon zai kuma tsare miki ƙauri daga ƙunar salansa. Silifas da takalmi mai tsini a bar su a jaka.

Sai hular kwano. Wasunmu na tuna Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta tilasta sa ta, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi dariya a lokacin, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Sa ta daidai shi ne ta zauna daram kuma a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. Hular da aka ɗora a kan ture-ka-ga-tsiya ado ce kawai, ita ce za ta fara tashi. Ki gwada ta a kasuwa da irin ɗankwalin da za ki riƙa fita da shi.

Malamanmu na kimiyya suna zaune a nan, su ne shaida: in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya takan ninka sau huɗu. Birkin gaba ya fi na baya ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a matsa shi a hankali tare da na baya. Wadda ta damƙe shi da ƙarfi a kan yashi ko a kwana, ƙasa za ta sha. Haka nan ruwan farko na damina kan taso da man da ya zuba a kwalta, hanya ta yi santsi. Kada ki jera da tirela ko tifa, musamman a shataletale. In ba ki hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ki ba.

Wata magana da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba ita ce ta goyo. A ganina, wadda ba ta ƙware ba kada ta ɗauki kowa, balle jariri a baya, domin in an faɗi shi ne ba shi da hula, ba shi da hannun karewa.

Lasisin babur shi ne rukunin A, kuma kafin shi akwai takardar izinin koyo. Ki kuma tambayi dokar jiharki, tunda wasu jihohin sun taƙaita wurare da lokutan hawan babur.

Roƙona ga shugabanni shi ne ƙungiya ta nemi izinin hukumar makaranta a ba mu filin wasa ranakun Asabar a lokacin hutu. Yayyenmu da suka daɗe suna hawa su zo su koya wa ƙanne tashi da tsayawa da juya kwana, kowa da irin suturar da take fita aiki da ita. Wadda ke so ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi.