Sabulun da Ya Wanke Mulkin Mallaka



A shekarun 1880, lokacin da Turawa suka zauna a Balin suna tsara yadda za su raba Afirka, kamfanin sabulun Pears na Ingila ya fitar da wata talla. An zana yaro baƙar fata cikin baho, yaron Bature ya wanke shi, jikinsa ya koma fari fat. Saƙon a fili yake: baƙar fata dauɗa ce, Bature ne mai tsarkakewa.

Abin takaicin shi ne, manjan Afirka na cikin kayan da ake yin sabulun Ingila da su a wancan zamani. A 1911 William Lever, mai sabulun Sunlight, ya samu filaye masu faɗi a Kwango ta Beljiyam, inda aka tilasta wa mutane saran kwakwar manja. A 1920 kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja, wanda ya daɗe yana kwasar amfanin gonar Najeriya.

Hotuna irin na tallar Pears ne suka sa talakan Turai ya ɗauki mamaya a matsayin taimako. Wajibi ne malamanmu su nuna su ga ɗalibai a darasin tarihi, domin yaro ya san wanda ya zana shi haka, da ribar da ya ci.