Jawabi ga jama'a: Ba'adare da dutsinai



In ka tafi cin rani Kano ko Abijan anka tambaye ka kai wane ne, mi kake cewa? Kana cewa Ba'adare, ko Bagobiri in daga wajen Madawa ka fito. Kafin ka rufe baki, sai wani shi ce: "A'a, mutanen dutsi da albasa!" Kada ka ji haushi. Gaskiya ya faɗa. Ƙasar nan ita ta yi mu haka.

Ku tuna Majiya, kusa ga Buza. Dattawa na nan, sun gani da idonsu. Iska na tasowa, shi kwashe ƙasar gona, shi binne hatsi tun yana ɗan ƙarami. Mutum shi yi shibka sau biyu, sau ukku. A 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE sunka fara dasa dogon yaro, layi bibbiyu, tsakanin wannan shinge da wancan mita 100. Wasu sun ƙi da farko, sunka ce inuwa za ta ci masu gona. Ba ƙarya sunka yi ba, gindin icce hatsi ba shi kyau sosai. Amma tsakiyar gona ya ƙaru, kuma anka samu itacen wuta da na rufin ɗaki.

Sai fari na 1984. Keita ta kusa watsewa. Maza da yawa sunka bar gari. A shekarar nan aikin Keita ya soma, da kuɗin Italiya da taimakon FAO, PAM kuma na ba da abinci ladan aiki. Wa ya ɗauki dutsi a kai? Mata. Mafi yawan masu aikin mata ne. Su sunka hau tudu da rana tsaka, sunka jera duwatsu, sunka haƙa ramu don ruwa shi tsaya shi shiga ƙasa, kada shi gangaro shi fasa gonakin fadama. Cikin shekara wajen ashirin an gyara fiye da ekta 30.000, an dasa icce wajen miliyan 18. Faƙon da ko tsiwa ba ta fita, yau akuya na kiwo a kai.

To, ga abin da ya tara mu. Aikin nan ba a yi shi don shi tsaya da ƙafarshi ba. Dutsi na zamewa in ruwa ya yi ƙarfi. Dogon yaro na tsufa. Wani kuma na zuwa da dare da gatari, shi sare daga gindi, alhali reshe anka yarda a sassabe. Yaran da anka haifa bayan aikin suna tsammani haka Allah ya yi tudun da iccenshi. Ba su san uwayensu sunka ɗauko shi a kai ba. Ku faɗa masu.

Kafin damina, kowane gari shi zagaya shingenshi. Inda dutsi ya zame a mai da shi. Inda icce ya mutu a rubuta, tunda yanzu kun iya rubutu, a kai ma ma'aikacin daji.

Wanda ke da magana shi tashi, muna saurare.