Jawabi Ga 'Yan'uwa Na Nasarawan Doya: Rawar Na'ura Da Hujjojin Masu Yinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, abin da za mu tattauna yau wani wasa ne na na'ura wanda manufarsa ita ce a sa mutum ya yi rawa, sa'an nan a ba shi maki. Asalinsa Japan ne, inda kamfanin Konami ya fitar da Dance Dance Revolution a 1998: dandamali ne mai kibiya huɗu, gaba da baya da dama da hagu, kiɗa na tashi, kibiyoyi na hawa a kan allo, mai wasa kuwa sai ya taka wadda ta dace daidai lokacin da ta iso. A 2009 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kawo Just Dance, wanda a cikinsa ake kwaikwayon mai rawa a allo, kuma daga 2014 wayar hannu ta isa a yi shi. To, wayar nan tana aljihun 'ya'yanmu daga Maƙarfi har Ikara da Kudan, don haka maganar ta shafe mu.

Adalci shi ne mu fara jin abin da masu wasan suke faɗa, domin wanda ya yanke hukunci bai saurara ba, ko ya dace ya yi ganganci.

Babbar hujjarsu ita ce motsa jiki. Wannan kuwa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don a 2006 jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka ta fara shigar da wasan dandamalin nan makarantun gwamnati saboda ƙibar yara. Amma a lura, su kansu masu wasan ba bakinsu ɗaya ba. Masu taka dandamali suna raina Just Dance, suna cewa idan da waya ake yi, motsin hannun da ke riƙe da ita kaɗai na'urar take aunawa, har mutum yana iya zama a kujera yana kaɗa hannu ya tara maki. Masu Just Dance kuma suna mayar musu da cewa tattakin kibiya ba rawa ba ce, lissafi ne da ƙafa. Ashe ke nan ɓangare guda ya yarda gumin ba dole ba ne, ɗayan kuma ya yarda rawar ce abin nema. Ban da haka, maganin yaron da ake kaiwa makaranta a mota daban yake da na saurayin da ya wuni yana saran rake yana kai shi injin mazarƙwaila. Wannan hutu jikinsa yake nema.

Hujja ta biyu, cewa a ɗaki ake yi, babu cuɗanya. Mun ji, sai dai hoton da ke allon ya riga ya shigo ɗakin, da shigarsa da waƙarsa, ga kuma al'adar ɗaukar bidiyo a watsa.

Game da hukunci, kada mu wuce inda malamai suka tsaya. Wasa da motsa gaɓoɓi a kan kansu ba haramun ba ne; ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo. Kayan kiɗa kuwa, jumhurun malamai sun hana, Ibnu Hazmi ya saɓa musu, amma babu wanda ya halatta kalaman batsa ko tsiraici ko tozarta salla. A nan ne mafi yawan abin da ke cikin wasan yake faɗuwa.

Akwai kuma batun lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka, da alamomi uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba alhali yana ganin cutarwa, har tsawon kimanin wata 12. Ba kowane mai wasa ne ya kai nan ba, kuma ba daidai ba ne uba ya fasa wayar ɗansa don ya gan shi sau ɗaya; abin da hakan ke haifarwa shi ne yaron ya koma yi a gidan aboki. A zauna da shi a tambaye shi me yake samu a ciki. Sau da yawa amsar ita ce gasa da maki, wato a ce ya fi wane.

Wannan buƙata kuwa muna da abin biyanta. Muna kira ga malaman Islamiyya da shugabannin 'yan agaji su tsara wa matasa gasar gudu da langa da tseren keke bayan la'asar, a rubuta sunan wanda ya ci a kafe a ƙofar makaranta, 'yan'uwa mata kuma su duba abin da ya dace da 'yan mata a cikin gida, su kawo shawararsu a zama na gaba.