Rumfar da Ba Ta Rufuwa Ko An Rufe Iyaka

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, mai fataucin aya da riɗi tsakanin Maraɗi da Kano, ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya.

 



An umarce ni in yi magana a kan amfanin shafin intanet ga ƙaramin ɗan kasuwa. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ɗan kasuwa ne kamar ku, kuma asara ce ta koya mini abin da zan faɗa.

Kowa a nan ya tuna watan Agusta na 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Cikin shekara biyar an datse mana hanya sau biyu, kuma babu wanda ya nemi shawararmu kafin a yi.

A rufewa ta biyu ina Maraɗi aka rufe. Ana cikin haka layina na Najeriya ya daina aiki, ga shi babu halin in je in gyara. Akwai wata Hajiya a Legas da ke sayen aya a wurina tana yin kunun aya na roba, mun shekara shida muna ciniki ba mu taɓa saɓawa ba. A lokacin ina da kaya a sito a Dawanau, yarona yana nan, da ta same ni da an loda mata. Ta kira layin nan har ta gaji, ta koma wurin wani. Da muka haɗu bayan an buɗe hanya sai ta ce mini, "Alhaji, har sunanka na rubuta a Google ko zan ga wata lambar, ban ga komai ba." Maganar ta zauna mini a rai. Na haura shekara ashirin ina wannan hanya, a tashar Ɗan Isa ko yaro ka tambaya zai nuna maka ni, amma a inda masu saye suke nema yau babu ni. Har yanzu rabin cinikin Hajiyar nan yana hannun wancan mutumin, kuma ban ga laifinta ba.

To mene ne shafin intanet? Ku ɗauke shi rumfa ce mai lamba, wadda aka yi rajistarta da sunanka. Duk wanda ya rubuta adireshin a wayarsa, ko yana Kumasi ko yana Agadas, ko da tsakar dare ne, zai ga sunanka da kayanka da inda ake samunka. Idan lambar wayarka ta canza, sai ka shiga ka sa sabuwa, adireshin yana nan yadda yake. A Najeriya adireshin yakan ƙare da .ng ko .com.ng, a Nijar kuma .ne, akwai kuma .com da kowa ke iya ɗauka.

Na san wani zai ce, ai muna da WhatsApp da Facebook, suna kawo mana ciniki. Gaskiya ne, ni ma da su nake aiki kullum, kuma ban ce a bari ba. Amma abin da ka ɗora a sitatus ɗin WhatsApp kwana ɗaya yake yi ya ɓace, kuma wanda yake da lambarka ne kaɗai yake gani. Baƙon da bai san ka ba ta ina zai gani? Sannan waɗannan wurare gidan wani ne muke zaune a ciki. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022, masu talla a can suka wayi gari babu hanyar masu sayensu. Ana kuma iya sace maka asusu ko a kulle shi, duk mabiyan da ka tara su tafi. Shi ya sa nake kallon WhatsApp kamar yaron talla mai zagaya gari da faranti. Yaron talla yana da amfani ƙwarai, amma dole akwai rumfar da yake komawa, wadda mai saye zai iya zuwa ya same ka.

Babban abin da shafin ya yi mini tun da na buɗe shi shi ne maganar amana. Fataucinmu tun kaka da kakanni a kan amana aka gina shi. Baƙo ya sauka a gidan fatoma, fatoma ya tsaya masa, ya ce wane mutumin kirki ne, a ba shi kaya. Yau mai sayen yana iya zama wata mai gidan abinci a Abuja da take son albasar Galmi, ko mai ɗinkin takalmi a Aba da ya ji labarin fatar jar akuyar Maraɗi, ko 'yar'uwarmu a zangon Accra da take son kilishi da atamfar Kwari. Ba su da fatoma a cikinmu, kuma an cuce su ko an cuci wani nasu ta waya, saboda haka tsoro suke ji. Idan suka ga shafi mai cikakken suna, da lambar rumfa a kasuwa, da hoton sito na gaskiya, da lambar rajistar kasuwanci, ta CAC a Najeriya ko RCCM a Nijar, hankalinsu yakan kwanta su kira. Gani ya kori ji.

Ga dillalanmu da ke zaune a nan, kada ku ɗauka wannan abu zai raba ku da abincinku. Shafi ba ya soka buhu ya duba ko ayar ta ƙasa daidai take da ta sama, ba ya tsayawa a lodi, ba ya sasanta rigima idan kaya suka isa da matsala. Abin da yake yi shi ne ya kawo baƙo bakin ƙofa. Dillalin da ya buɗe nasa shafin ma shi zai fara tarbar baƙon.

Ga mai niyyar buɗewa, ba sai abu mai tsada ba, shafi ɗaya mai tsabta ya isa a fara. Ka sa lambobinka biyu, ta Najeriya mai farawa da +234 da ta Nijar mai farawa da +227, domin in ɗaya ta ƙi, ɗaya ta shiga. Ka rubuta da Hausa, ka ƙara Faransanci da Turanci ko da layi biyar-biyar ne, tunda masu sayenmu sun rabu kashi uku. Hotuna su zama na kayanka ne da ka ɗauka da wayarka, kuma a rage musu nauyi, don wanda yake ƙauye da sabis mai rauni ba zai jira hoto ya ƙarar masa da data ba.

Maganar farashi a yi hattara. Tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 canjinta da sefa ba ya zama wuri ɗaya, don haka duk farashin da ka rubuta ka sa ranar da ka rubuta shi a gefensa, ko ka ce a kira a ji na yau. Ka rubuta da lambobi, ka faɗi naira ce ko sefa. Mu nan mun san idan mutumin Maraɗi ya ce dala ɗari yana nufin sefa 500, idan ya ce jika yana nufin 1,000, alhali dattijon Kano idan ya ce jaka naira 200 yake nufi. Baƙo bai san wannan ba, kuma daga nan rigima take farawa. Haka ma awo: ka faɗi kilo nawa ne a buhunka, kada ka tsaya a tiya kawai.

Akwai wuraren da na ga mutane sun yi tuntuɓe. Na farko, yaron da zai haɗa maka shafin ya yi rajistar adireshin da sunanka da lambarka, kuma lambar sirri ta zauna a hannunka. Na san wanda ya yi saɓani da mai haɗa masa, yaron ya tafi da shafin ɗungurungum. Na biyu, adireshin nan haya ce ta shekara-shekara, in ba ka sabunta ba wani yana iya ɗauka, ya zauna da sunanka yana karɓar kuɗin mutane. Na uku, kada ka rubuta adireshin gidanka, ko ranar da za ka yi tafiya, ko motar da kayanka za su bi. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba masu saye kaɗai ne ke karatu ba. Na huɗu, kada ka tallata kayan da dokar ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ta hana ƙetarewa da su, domin kwastan da duwan su ma suna da waya. Na ƙarshe, wanda ya sa hoton kaya mai kyau ya aika da gurɓatacce, ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma labarin cuta a waya ya fi mota gudu. Kafin ka sauke lodi a Kano an ji a Damagaram.

Zan rufe da roƙo ga shugabanninmu. Ba kowane memba ne zai iya buɗe shafin kansa ba, musamman iyayenmu mata masu kilishi, ƙuli-ƙuli, turaren wuta da tabarmi, waɗanda jarinsu bai kai ba. Ina ba da shawara ƙungiya ta buɗe shafi ɗaya da sunanta, a jera membobin da aka tantance, kowa da sana'arsa da kasuwarsa da lambarsa. Wanda ya ci amanar mai saye, bayan an bincika an tabbatar, a cire sunansa. Ta haka ƙungiya za ta zama fatoman baƙon da bai taɓa ganinmu ba. A kuma riƙa sa sanarwar halin da hanya take ciki, ko an buɗe ko an rufe, domin a rage jita-jitar da ke sa mutum ya loda mota ya je ya kwana biyar a bakin iyaka. 'Ya'yanmu da suka yi karatu suna zaune babu aiki, a ɗauki biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, a ba su wannan amana da ɗan abin hasafi daga kuɗin ƙungiya. Ina roƙon a sa wannan magana a cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa, kuma ni na ɗauki nauyin kuɗin rajistar adireshin na shekarar farko.

Ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Ranar da jirgi ya fara tafiya manyan kamfanoni za su shigo wannan hanya da kuɗinsu da tallarsu. Gara su tarar an riga an san sunayenmu.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka.